Babi na Shida: Yadda Halwa Ta Fito Kasuwa

A ƙarshen watan Nuwamba na 1885 sojojin Ingila suka shiga Mandalay, fadar masarautar Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Ba a yi wani dogon yaƙi ba. Suka kama Sarki Thibaw da iyalinsa, suka saka su a jirgin ruwa zuwa Indiya, aka ajiye shi a garin Ratnagiri har ya mutu a 1916. Ɗan Arewa ba ya buƙatar a yi masa sharhi a kan irin wannan rana, domin shekara 18 bayan haka ta zo wa Kano da Sakkwato. Sai dai a nan Bature ya bar sarauta a tsaye, ya mulki talaka ta hannun sarki, har masarautu irin su Gumel suka ci gaba da nasu gidan sarauta. A Bama kuwa tumɓuke gadon sarautar aka yi ɗungurungum. Sarki shi ne uban addinin Buddha a ƙasar, shi ke naɗa shugaban rahibai, shi ke ɗaukar nauyin jarrabawar littattafai. Da aka wayi gari babu shi, sai tsoro ya shiga zukatan mutane cewa addinin ma ya kama hanyar ƙarewa.

Cikin waɗanda abin ya dama akwai wani rahibi mai suna Ledi Sayadaw, wanda aka haifa a 1846, ya mutu a 1923. Shawarar da ya yanke ita ce, tunda babu sarkin da zai tsare addini, to a raba wa talakawa tsaronsa. Ya ɗauki ilimin da a da sai manyan rahibai ke taɓawa, ya juye shi cikin harshen Bama mai sauƙi, wani ma a waƙe don a haddace, ya kai wa masu maɗaba'a, ya bi gari gari yana kafa ƙungiyoyin karatu na manoma da 'yan kasuwa da mata. Daga karatu ya wuce da su zuwa abin da ya fi ƙarfin tunanin kowa a lokacin, wato zaman natsuwar da suke kira wipassana.

Ga yadda abin yake. Mutum zai zauna shiru, ya sa hankalinsa a kan numfashinsa, shigarsa da fitarsa, sannan ya bi abin da jikinsa ke ji, zafi ne, ƙaiƙayi ne, nauyi ne, yana lura da yadda kowanne ke zuwa ya wuce, ba ya riƙe shi, ba ya kore shi. A aƙidarsu, mai yin haka zai gani da kansa cewa babu abin da ke dawwama, har ya kuɓuta daga zagayen mutuwa da sake haihuwa da suka yi imani da shi. Babu Mahalicci a cikin lissafin, babu tashin kiyama irin wanda Musulmi ya sani. Na faɗi haka tun yanzu don kada wani ya zaci kwatancen da zai biyo baya na aƙida ne. Aƙidun sun yi hannun riga. Abin da ya yi kama shi ne hanyar da abu ke bi ya fita daga ɗakin mutum ɗaya ya shiga hannun dubbai.

Mutumin da ya fi kowa bin diddigin Ledi Sayadaw shi ne Erik Braun, Ba'amurke, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Harvard, ya koyar a Jami'ar Oklahoma, daga baya ya koma Jami'ar Virginia. Irin wannan sana'a ba ta da farin jini ko a can. Sai ka koyi Pali, harshen da babu uwar da ke yi wa ɗanta magana da shi yau, ka koyi harshen Bama, ka je ƙasar da sojoji ke mulki ka zauna a ɗakunan karatu kana tonon ƙananan littattafan da aka buga shekara ɗari da suka wuce, duk don ka fito da littafi ɗaya. Nasa ya fito a 2013 da suna The Birth of Insight. Abin da ya nuna a ciki bai yi wa wasu masu zaman natsuwa daɗi ba, domin an daɗe ana gaya musu cewa abin da suke yi shi ne abin da mabiya Buddha suka yi ta yi tun fiye da shekara 2,000. Braun ya nuna cewa kafin ƙarni na 19, ko cikin rahibai kaɗan ne ke wannan zama. Mafi yawansu karatu da hadda da karɓar sadaka ne aikinsu, da yawa ma sun ɗauka zamani ya lalace, ƙofar kuɓuta ta rufe sai wata rayuwar. Littattafan da suka siffanta zaman tsofaffi ne, wannan gaskiya ne. Amma a ce manomi da akawu su ajiye aiki su zauna suna bin numfashi, wannan ɗan zamanin mulkin mallaka ne, sa'an jirgin ƙasa da injin buga littafi.

Dubi silsilar da ta biyo baya. Ledi ya ba wa Saya Thetgyi izinin koyarwa, shi kuwa manomi ne mai iyali. Thetgyi ya koyar da U Ba Khin, wanda ya zama Akanta Janar na farko bayan Bama ta sami 'yanci a 1948, ya buɗe cibiyarsa a Rangun a 1952, har a ofis yana zaunar da ma'aikatansa. U Ba Khin ya koyar da S. N. Goenka, attajiri ɗan asalin Indiya haifaffen Mandalay, wanda ciwon ɓarin kai ne ya fara kai shi wurin. Rahibi, manomi, ma'aikacin gwamnati, ɗan kasuwa. A kowane mataki abin yana ƙara nisa da gidan rahibai. Goenka ya koma Indiya a 1969, ya tsara zama na kwana goma: tashi ƙarfe huɗu na asuba, kusan awa goma a zaune, ba magana, ba a karɓar ko sisi sai abin da tsofaffin ɗalibai suka bayar don na baya. Ya kafa babbar cibiyarsa a Igatpuri a 1976. A 1994 aka zaunar da fursunoni kusan 1,000 a kurkukun Tihar na Delhi. Ya mutu a 2013, amma har yau muryarsa da hotonsa ne ke koyarwa a cibiyoyinsa, malamin da ke zaune a gaba aikinsa ya kunna na'ura ya amsa tambaya.

Wani reshen ya bi ta hannun Mahasi Sayadaw, wanda gwamnatin Bama ta U Nu ta ɗaure wa gindi a Rangun. Samarin Amurka da suka yi yawon neman gaskiya a Asiya suka ɗebo daga rassan biyu. Uku daga cikinsu, Joseph Goldstein da Sharon Salzberg da Jack Kornfield, suka buɗe cibiya a garin Barre na jihar Massachusetts a tsakiyar shekarun 1970. Sai kuma Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar halitta, wanda a 1979 ya shigar da abin asibitin Jami'ar Massachusetts a matsayin horo na mako takwas ga masu ciwon da magani ya gaza. Da gangan ya cire sunan Buddha da duk wani abu mai ƙamshin addini, don likitoci su yarda su turo masa majinyata. A 2004 hukumar da ke tantance magunguna a Ingila ta amince da wani nau'insa don hana cutar damuwa dawowa. Daga nan kamfanoni suka ɗauka, sojoji suka ɗauka, makarantun yara suka ɗauka, har aka kai ga manhajar waya irin su Headspace, wadda wani tsohon rahibi Bature, Andy Puddicombe, ya kafa da abokinsa. Zoborodon da ake lodawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis yakan ƙare a Meziko, a sha shi da ƙanƙara da wani suna daban, mai sha bai taɓa jin sunan Maigatari ba, bai kuma ga dalilin da zai sa ya tambaya ba. Haka ma'aikaciyar banki a Landan ke bin numfashinta na minti goma kafin ta shiga taro.

To, mu dawo gida.

A 1929, shekara shida bayan mutuwar Ledi, wani matashin malami a yankin Kaulaha ta ƙasar Senegal, wadda Faransa ke mulka a lokacin, ya bayyana cewa failar da Shehu Ahmadu Tijjani ya yi bushara da ita ta sauka a hannunsa. Shi ne Shehu Ibrahim Inyass, an haife shi a 1900, ya rasu a Landan a 1975. Ɗarikar Tijjaniyya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Shehu Umaru Futi ya zauna a Sakkwato a shekarun 1830, har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ƙadiriyya kuwa ita ce ɗarikar Shehu Usmanu da jama'arsa. An san wuridi, an san halwa ta kwana arba'in, an san cewa akwai wani sani na Allah da ake kira ma'arifa wanda ba a samun sa daga takarda. Amma a wurin mafi yawan mutane wannan rabon ɗaiɗaiku ne, dattawan da suka ƙare karatu, suka ƙuntata wa kansu ci da barci shekara da shekaru. Shehu Ibrahim ya ce ƙofar a buɗe take. Ta hanyar abin da ake kira tarbiyya, wato wasu zikirai da muridi zai riƙe ƙarƙashin kulawar shehinsa, saurayi da mace da fatake da manomi duk suna iya kai wa, kuma ba sai gemu ya yi fari ba. Ya rubuta Kashiful Ilbas a farkon shekarun 1930 don ya kare wannan da'awa daga masu suka, cikinsu har da 'yan ɗarikarsa.

A aikin hajjin 1937 ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero. A tsakiyar shekarun 1940 ya zo Kano, malaman Salgawa, almajiran Malam Muhammadu Salga, suka miƙa masa wuya: Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari, Shehu Abubakar Atiku Sanka, Shehu Sani Kafinga da sauransu. Waɗannan manyan masana fikihu ne masu ɗalibai ko'ina, kuma da yawa cikin ɗalibansu 'yan kasuwa ne. Inda goro da gyaɗa da fata suka bi, nan faila ta bi. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, Nguru kuwa ta zama babbar cibiyar faila a ƙarƙashin Shehu Muhammadu Gibrima, wanda shi ma ya rasu a 1975. Ƙasar Gumel ta sami kanta tsakanin wuta biyu masu haske, Kano ta yamma, Nguru ta gabas, ga Damagaram a arewa wadda iyakar Bature ba ta taɓa raba ta da ita ba. A ɓangaren Ƙadiriyya, Shehu Nasiru Kabara ya yi irin wannan aiki a Kano, ya fito da zikiri da bandiri fili, ya tara rassan ɗarikar wuri guda, maukibinsa na shekara shekara ya cika titi.

Saboda haka idan ka bi ta garuruwan ƙasar Gumel irin su Sule Tankarkar ko Danladi ko Jeke bayan magariba, ka ga an yi da'ira a ƙofar masallaci, an shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya, ana istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, wato wazifa, za ka ɗauka abin tun kaka da kakanni haka yake. Kalmomin sun haura shekara 200. Amma a ce mai facin taya da mai awon gero da ɗan acaɓa su ne suka cika sahun, kowa da lazimin safe da yamma a wuyansa, a yi zikirin Juma'a daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana a ƙauyen da ba shi da ko kwalta, wannan yaɗuwa ba ta girmi kakanninmu ba. A 1949 da 1956 har rikici aka yi a lardin Sakkwato kan 'yan faila da zawiyoyinsu da kabalunsu, domin hukuma na ganin sabon abu ne mai ƙwace mata talakawa.

Faila ma ta sami nata masu bin diddigi. John Paden ya zauna a Kano a shekarun 1960, littafinsa kan addini da siyasar birnin ya fito a 1973. Ibrahim Tahir, Talban Bauchi, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Kambirij a 1975 kan malamai da sufaye da attajiran Kano, kuma har yau ana komawa gare shi. Roman Loimeier ya bi rigimar ɗariku da masu adawa da su a littafinsa na 1997. Andrea Brigaglia, ɗan Italiya da ya yi zama a Kano, ya koyar a Jami'ar Cape Town, ya tsaya kan rubuce-rubucen malaman da kansu, su Atiku Sanka da Gibrima, da tarihin tafsirin azumi. Wanda aikinsa ya fi kama da na Braun shi ne Rüdiger Seesemann, Bajamushe, wanda ya fara da Ahmadu Bamba na Senegal, ya bi 'yan Tijjaniyya har Darfur, ya koyar a Jami'ar Northwestern a Amurka, ya koma Bayreuth. Littafinsa The Divine Flood ya fito a 2011, shekara biyu kafin na Braun. Ɗaya yana karanta Pali, ɗaya Larabci, fagensu bai haɗu ba, amma sun tarar da abu mai kama: ƙarƙashin mulkin Bature, malami ya ɗauki abin da aka keɓe wa khawasu ya miƙa wa jama'a, aka zarge shi da arahantar da shi, jama'a kuwa suka yi tururuwa. Seesemann ya yi amfani da wannan wajen rushe wata tsohuwar magana ta masana Turai, cewa sufanci abin ƙauye ne da zai mutu da zarar boko da rediyo sun shigo. Da jirgin sama da rediyo da maɗaba'a faila ta yaɗu.

Daga nan hanyoyin suka rabu, kuma a ganina rabuwar ta fi kamar muhimmanci.

Faila ita ma ta ƙetare teku. Shehu Hassan Cisse, jikan Shehu Ibrahim, wanda ya yi karatu a Landan da Northwestern, ya shigar da baƙaƙen fatar Amurka da yawa ɗarika tun daga shekarun 1970, yau akwai zawiyoyi a New York da Atlanta da Cape Town. Amma duk inda ta je da kayanta take tafiya. Wanda zai karɓi wuridi a Amurka sharuɗɗan da za a gindaya masa su ne waɗanda muƙaddami zai gindaya wa saurayi a Danzomo ta ƙasar Gumel: ya tsare salla biyar, ya bi iyaye, kada ya haɗa da wata ɗarika, kada ya bari har mutuwa. Babu wanda ya iya fitar da wazifa ta mako takwas don asibiti. Dalili na farko a fili yake. Numfashi na kowa ne, ba ya ɗauke da sunan kowa, shi ya sa aka iya zare shi daga addininsa. Wazifa kuwa kalmomi ce, kuma kalmomin kalmar shahada ce da salatin Annabi. Idan ka cire addinin babu abin da ya rage a hannunka. Na biyu shi ne izini. Goenka ya yarda faifai ya tsaya a madadinsa. A Tijjaniyya wuridin da ba a karɓa daga bakin mai izini ba, wanda shi ma ya karɓa daga wani har zuwa Shehu Ahmadu Tijjani, ba a lissafa shi wuridin ɗarika. Zachary Wright, wanda ke koyarwa a reshen Northwestern na Ƙatar, ya gina littafinsa na 2015 kan wannan batu, cewa a wurin mutanen Kaulaha ilimi a jikin mutum yake zaune, zama da shehu da kallon yadda yake ci da tafiya da fushi shi ne karatun. (Ba wai Musulunci ya tsira daga irin wancan zarewa ba ne gaba ɗaya. Inayat Khan ya kai wani sufanci Amurka a 1910 wanda mabiyansa na baya suka ce ba sai ka musulunta ba. Amma wannan reshe bai taɓa kama ƙasa a Afirka ta Yamma ba.)

Dalili na uku shi ne kotun da kowanne ya tsaya a gabanta. Zaman natsuwar Bama, da ya isa Amurka, alƙalinsa likita ne, tambayarsa kuma ita ce: yana rage ciwo, kuma ina shaidar awo? Sai masu shi suka koyi amsawa da hoton ƙwaƙwalwa da ƙididdiga, duk abin da ba ya shiga awo suka yi shiru a kansa har aka manta da shi. Wuridi a Arewa alƙalinsa malami ne ɗan uwansa. Shehu Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa na sukar ɗariku a 1972, aka kafa Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, tambayar kuma ɗaya ce: ina dalili daga Alƙur'ani da hadisi? Sai 'yan ɗarika suka koma ga aya da ruwaya, tafsirin Shehu Ɗahiru Usman Bauchi ya shiga Rediyon Kaduna yana gogayya da na Gumi, zawiyoyi suka buɗe Islamiyyu. Shekara ɗaya tak ke tsakanin kafa Izala da buɗe asibitin Kabat-Zinn. Wancan ya ƙara nisa da nassinsa don ya sami karɓuwa, wannan ya ƙara manne wa nasa don ya tsira. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san tsadar wannan shari'a: masallaci ya rabu biyu, an fasa aure, wa da ƙane sun daina bin juna salla. Amma ita ce ta hana zikiri zama maganin gajiya kawai.

Akwai wata wahala da masu binciken ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kanta, wadda ba ta da magani. Abin da suke nazari a cikin zuciya yake faruwa. A ce ɗalibi daga Kwalejin Ilimi ta Gumel ko Jami'ar Tarayya ta Dutse ya ɗauki littafinsa ya durƙusa gaban wani muƙaddami, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, me muridi ke gani idan an yi masa buɗi?” Amsar da zai samu ba ta wuce, “Ɗana, wanda ya ɗanɗana shi ya sani. Kana da wuridi?” Idan ya ce babu, hira ta ƙare. Idan ya karɓa ya shiga tarbiyya, to ya shiga amanar da ba a rubuta ta a kundi, kuma malamin da zai duba kundin zai ce ya zama ɗan gida. A jami'o'inmu ma kafin a karanta babi na farko an riga an tambaya, shi wannan ɗan wane ɓangare ne? Seesemann ya bi ta wasiƙun Shehu Ibrahim da littattafan almajiransa da hira da waɗanda suka yarda su yi magana, ya tsaya inda suka tsaya. Robert Sharf na Jami'ar Berkeley, a wata maƙala ta 1995 da ta tayar da ƙura a fagen nazarin Buddha, ya bi wata hanyar. Ya lura cewa manyan malaman wipassana ba su yarda da juna ba kan wane hali ne ake kira kaza, kowanne yana cewa abin da almajiran ɗan uwansa suka samu ba shi ne ba. Ya ce tunda haka ne, mai bincike ya daina riya cewa yana auna abin da ke cikin zuciya, ya dubi yadda ake koyar da mutane su siffanta shi, da wanda ke da ikon cewa wane ya isa, wane bai isa ba. Maganar tana da ɗaci, ina kuma ganin ya wuce wuri inda ya kusa nuna kamar babu komai a bayan kalmomin. Amma tambayar wa ke sa hannu a kan buɗin wani tana da amfani ƙwarai a zawiya, kuma su kansu shehunnai sun riga shi yin ta.

Sun yi ta ne saboda abin yana da haɗari. Willoughby Britton da Jared Lindahl na Jami'ar Brown sun wallafa bincike a 2017 bayan hira da masu zaman natsuwa 60 a Yammacin duniya da suka shiga mawuyacin hali: firgita, rashin barci, jin kamar jikinka ba naka ba ne, wasu har suka kasa aiki na watanni. Tsofaffin littattafan Buddha sun san waɗannan halaye, sun tanadi malamin da zai lura da su. Manhajar waya ba ta tanadi kowa ba. Mu a nan muna da suna ga wanda zikiri ya fi ƙarfinsa, majazubi, muna da shehin da alhakinsa ke wuyansa, wanda zai rage masa adadi ko ya ce ya dakata ya koma gona. Rigimar 'yan haƙiƙa, masu furta kalaman da manyan Tijjaniyya a Kano suka fito suka barranta daga gare su, ta nuna abin da ke faruwa idan tarbiyya ta kuɓuce daga hannun masu ilimi. Amma kada mu yi saurin yabon kanmu. Sunan majazubi yakan rufe ciwon da asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau ne ya kamata ya gani, iyali su yi shekaru suna cewa hali ne zai wuce. Ikon shehu a kan muridi kuma, kamar kowane iko, yakan faɗa hannun wanda bai cancanta ba. Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan da ya rasu a 2021, ya kashe rayuwarsa yana neman a zaunar da likita da malami a tabarma ɗaya, ya rubuta littafi guda kan tafakkuri a Musulunci yana kwatanta shi da zaman natsuwar Gabas. 

Littattafan da na ambata duk sun fi karkata ga manyan cibiyoyi, Kano da Kaulaha da Kaduna, inda takardu suke, inda kuma baƙo zai sami masauki. Canjin da ke gudana yanzu kuwa a ƙananan wurare ya fi fitowa fili. Carbin lantarki ya hau yatsun matasa, na ɗarika da na Izala baki ɗaya. Karatun shehunnai da majalisin mauludi suna yawo a katin waya, ana tura su a shagon caji kan kuɗi kaɗan. A Facebook da TikTok akwai masu raba laƙani ga duk wanda ya buɗe waya: karanta suna kaza ƙafa kaza bayan isha'i, don kasuwa, don farin jini, don damuwa ta yaye, wasu har su ce sun ba da izini ga duk wanda ya saurara. Babu sharaɗi, babu wanda ya san mai karɓa, babu wanda za a koma wa idan kai ya ɗau zafi. Wannan shi ne matakin da Goenka ya taka da faifansa, kuma a wannan karon ba daga Massachusetts ya zo ba, Hausawa ne ke yi wa Hausawa. Muƙaddaman da ke ba da wuridi hannu da hannu a Gumel da Maigatari suna da almajiran da ke bin waɗannan shafuka da dare, su zo wazifa da magariba.